In Tafi ko In Zauna? Amsa ga Ma'aikaciyar Asibitin Ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum Anti. Ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce, na yi digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya, kuma shekara uku ke nan ina aiki a asibitin masu taɓin hankali na gwamnatin jiharmu, inda ni kaɗai ce mai wannan karatu. Ba ni da ofis, a ɗakin ajiye katuna nake ganin mutane, ana shiga ana fita. Likita ba ya turo mini kowa sai wanda ya gaji da shi, masu jinya kuwa da zarar sun ji ba na rubuta magani sai su ce, "To likitan fa, yaushe zai zo?" Waɗanda muka sallama suna dawowa bayan wata biyu ko uku, wasu da tabon mari a ƙafa. Kwanan nan wani saurayi da na yi wata huɗu ina fama da shi a kan shaye-shaye ya dawo ya fi da lalacewa, kuma tun daga ranar barci ya ƙaurace mini, har na fara jin haushin majinyata, abin da ban taɓa ji ba. Dangin wanda zai aure ni suna cewa mai wuni da mahaukata ba ta rasa taɓuwa. Yanzu wata ƙungiyar agaji ta yi mini tayin aikin shekara ɗaya da albashi mai tsoka. In tafi ne, ko tafiyar cin amanar mutanen nan ce?

Ƙanwarki, daga Arewa maso Yamma.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Tambayar tafiya ko zama ita kika ajiye a ƙarshen wasiƙarki, ni ma sai can gaba zan zo mata, domin akwai abin da ya fi ta gaggawa, wato barcin da ya ƙaurace miki da haushin majinyata da kika fara ji. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a sabon kundinta na rarrabe cututtuka a matsayin matsalar da doguwar wahalar aiki ke haifarwa, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, da janyewar zuciya daga aikin har mutum ya riƙa jin haushinsa, da ganin cewa duk abin da yake yi ba ya amfanar kowa. Duka ukun suna cikin wasiƙarki. Da wata nas ce ta zo miki da wannan bayani, da ba za ki bar ta ta yanke shawarar ajiye aiki a cikin makon ba, amma da yake wanzami ba ya son jarfa, ke kin zauna kina tuhumar kanki da cin amana. Ki nemi hutunki na shekara yanzu, ki tafi gida ki huta da gaske, ban da ɗaukar kiran asibiti. Idan rashin barcin ya wuce mako biyu, ko ya haɗu da rashin cin abinci da yawan kuka da jin rayuwa ta fita daga ranki, ki ga likitan da ba na asibitinku ba, domin da wuya ki buɗe cikinki ga wanda za ki zauna taro da shi gobe.

Wani abin kuma da ya kamata a ce kin samu tun ranar da kika fara aiki shi ne babba a wannan fanni wanda za ki riƙa kai masa abin da ya shige miki duhu. A karatunku an nanata muku cewa mai wannan sana'a ba ya aiki ba tare da mai duba aikinsa ba, ke kuwa shekara uku kina ɗauke da sirrin mutane da baƙin cikinsu ba ki da wanda za ki sauke wa. Akwai manya a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da kuma asibitocin koyarwa na Kano da Shika, kuma ƙungiyarku ta ƙasa ta masana halayyar ɗan Adam masu aikin asibiti, NACP, hanya ce ta samun su. Ki roƙi ɗaya daga cikinsu, mace in ta samu, ta ba ki rabin awa ta waya duk mako biyu, ku tattauna majinyaci ɗaya ko biyu ba tare da ambaton suna ba.

Abin da ya fi damunki kuwa, a fahimtata, shi ne aikin da aka koya miki bai yi kama da wanda kika tarar ba. Hanyoyin warkarwa ta magana da kika karanta an tsara mafi yawansu ne a Turai da Amurka, inda ake ɗaukar cewa mutum ɗaya zai zo da ƙafarsa, ya zauna a rufaffen ɗaki na kusan awa guda, ya sake dawowa mako mai zuwa. A asibitin jiha kuwa majinyaci kawo shi ake yi, sau da yawa a ɗaure a bayan mota, bayan an gama zagaya malamai da bokaye an sayar da akuya ko an jinginar da gona, kuma layin ranar ganin likita ba ya ƙarewa sai la'asar. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha faɗin cewa likitocin wannan fanni da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Likitan da ke da minti biyar ga kowane mutum ba lalle ne raini ya hana shi turo miki majinyata ba, wataƙila bai taɓa samun sukunin tunanin me za ki yi musu ba. Muddin kina auna kanki da ma'aunin rufaffen ɗaki da awa guda, kullum za ki tashi aiki kina ganin kin gaza.

Ki leƙa harabar asibitinku da hantsi. Za ki ga uwaye da yayye da kawunnai zaune a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, da kwanukan abinci da butoci, wasu sun yi mako uku a nan. Su ne za su yanke hukuncin ko majinyaci zai haɗiyi ƙwayarsa bayan sallama, ko za a dawo da shi ranar da aka rubuta masa, ko za a mayar da shi gidan mari idan ya sake birkicewa. Likita yana duba ciwo, nas tana ba da magani, mai kati yana neman fayil, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin waɗannan mutane na ƙarƙashin bishiya, kuma babu wanda karatunsa ya fi naki dacewa da su. Shawarata ta ainihi ita ce ki ɗauki gidan majinyaci a matsayin majinyacinki.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara wani tsari a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan uwansa, su zo karɓar magani da rana su koma cikin jama'a da yamma, kuma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. A Landan kuma, binciken da George Brown ya fara, wanda Christine Vaughn da Julian Leff suka tabbatar a 1976, ya bi sawun masu ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyi da zargin ana bin sa da sharri, bayan an sallame su. Cikin wata tara, ciwon ya dawo wa kashi 51 cikin ɗari na waɗanda suka koma gidajen da ake yawan kushe su, ko nuna musu ƙiyayya, ko takura musu da kulawar da ta wuce kima, alhali kashi 13 ne kawai ya dawo wa cikin waɗanda suka koma gidaje masu natsuwa. Ki kwatanta wannan da gidajenmu. Akwai gidan da ake yi wa majinyaci gori duk lokacin da ya buɗe baki, a ce wa zai saurari mahaukaci. Akwai inda yaran unguwa ke bin sa da tsokana babu mai tsawata musu, da inda ake kulle shi a ɗaki idan baƙi sun zo, da inda aka hana shi masallaci da kasuwa da gona don gudun abin kunya. Akwai kuma uwar da ke zaune a kansa dare da rana tana kuka tana tambayarsa me yake ji, wadda son da take masa ne ke hana shi numfashi. Ba mugunta ce ke sa mafi yawansu haka ba, babu dai wanda ya taɓa zaunar da su ya yi musu bayani cikin Hausar da suke ji.

Saboda haka ki ware safiya ɗaya a mako ki tara masu jinya, ko da a ƙarƙashin bishiyar ne, kuma ki nemi izinin shugaban asibiti a rubuce cewa kada a sallami kowa sai wanda zai riƙe shi a gida ya zauna da ke sau ɗaya. Abin da za ki faɗa musu ba mai zurfi ba ne, amma shi ke hana dawowa. Su san cewa maganin ƙwaƙwalwa yana ɗaukar makonni kafin a ga cikakken aikinsa, kuma samun sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. Su san cewa tsofaffin magungunan da asibitocin jiha suka fi bayarwa saboda araha, irin su haloperidol da chlorpromazine, suna iya sa wuya ya sandare, ido ya kafe sama, hannu ya yi rawa, miyau ya dalala. Iyalin da ba a gargaɗe su ba idan suka ga haka sai su ce aljanin ne ya dawo, ko maganin asibiti ya ƙara masa ciwo, su zubar da ƙwayoyin su nufi wurin mai hayaƙi, alhali abu ne da likita ke gyarawa cikin sauƙi ta rage magani ko ƙara wani. Akwai kuma illolin da kunya ke hana a faɗa: raunin namiji ga iyalinsa, da ɗaukewar al'ada ko zubar nono ga macen da ba ta shayarwa. Magidanci ba zai faɗi wannan a gaban ƙaninsa da ya rako shi ba, zai dai daina shan magani a ɓoye, don haka ke ce za ki tambaya a keɓe, ki kai wa likita. Ki koya musu alamomin da ke riga ciwo zuwa, kamar raguwar barci kwana biyu ko uku a jere, da yawan magana, da ƙin abincin gida don zargi, da barin wanka, ki ce musu ranar da suka ga haka ita ce ranar zuwa asibiti, kada su jira sai ya fasa tukunya. Ki tambaye su kai tsaye wa ke sayen magani da nawa kuɗin mota yake daga garinsu, domin sau da yawa abin da aka rubuta a fayil da sunan taurin kai, talauci ne, kuma wanda ba zai iya riƙe ƙwaya kullum ba wataƙila allurar wata-wata ta fi masa, idan likita ya ga dacewarta. Kafin azumi kuma ki tuna musu su zo a daidaita lokutan shan magani da sahur da buɗa-baki, domin da yawa a watan Ramadan suke yanke shi ba tare da sun gaya wa kowa ba.

Idan suka ce miki likitan fa, kada ranki ya ɓaci, kuma kada ki bari su ɗauke ki likita don neman girma. Ki ce musu likita yana ba da maganin da ke kwantar da ciwon, ke kuma aikinki shi ne nuna musu yadda za a zauna da shi a gida don a rage dawowarsa. Wanda ya kawo ɗansa asibiti karo na uku ya san darajar wannan magana.

Batun malamai da ruƙiyya yana buƙatar hikima. Idan kika buɗe baki da cewa babu aljani babu sammu, kin rasa iyalin tun kafin ki fara, za su gyaɗa miki kai su fita su yi abin da suka ga dama. Ba sai kin ci su da muhawara a kan musabbabin ciwo ba. Ya ishe ki hadisin da Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta, sannan ki ja musu layi a fili: addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani ba su hana shan ƙwaya, amma duka, da mari, da hana abinci, da turaren da ke shaƙe numfashi, da duk malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti, waɗannan ba za a yarda da su ba. In kika samu limami ɗaya mai fahimta a kusa da asibiti wanda zai riƙa zama a taronku lokaci-lokaci ya faɗi wannan da bakinsa, maganarsa za ta isa inda taki ba ta isa ba. Masu cewa warkarwa ta magana al'adar Turawa ce kuwa, ki ba su labarin Abu Zaid al-Balkhi, malamin Musulunci da ya rasu a shekarar 934, wanda ya yi rubutu a kan magance tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi ta hanyar gyara tunani, har ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata.

Tabon marin da kike gani a ƙafafu ba ƙaramin abu ba ne. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu a cikin sasari, aka kuma bi da irin wannan samame a wasu garuruwan Arewa. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu taɓin hankali a gidajen gargajiya da na addini, na Musulmi da na Kirista, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulkin mallaka ta 1916, kuma ta tanadi haƙƙoƙin majinyata. Ki nemi kwafinta ki karanta da kanki, ki kuma bincika matsayinta a jiharku. Duk tabon da kika gani ki rubuta shi a fayil da kwanan wata da abin da iyali suka ce ya jawo shi. Idan kuma a cikin asibitinku ake ɗaure mutane, to akwai lokacin da majinyaci ke zama haɗari ga kansa da wasu har sai an riƙe shi na ɗan lokaci, amma ya kamata ya zama da umarnin likita, a rubuta lokacin farawa da na kwancewa, a riƙa leƙa shi. Ki nemi a buɗe rajista don haka, kuma ki bi ta hannun shugabar nas-nas. Ɗaukar hoto a sa a Facebook tona asirin majinyaci ne, kuma zai rufe miki duk ƙofar gyara.

Nas-nas ɗin nan su ne asibitin, su ke kwana da majinyata, su suka san wanda ke ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe. Ki riƙa bin zagayen likita tare da su, ki rubuta bayaninki a fayil cikin layi uku ko huɗu da likita mai sauri zai iya karantawa, maimakon shafi biyu da ba mai dubawa. Kada ki jira ya zaɓar miki, ki je ki ce masa ya turo miki masu jego da damuwa ta kama, da matasan da ciwon ya same su karo na farko, da waɗanda suka yi yunƙurin halaka kansu, da masu zuwa da bugun zuciya da zafin kai da jin abu na yawo a jiki alhali gwaji bai nuna komai ba. Waɗannan su ne maganarki ta fi yi wa aiki, kuma su ne ke cinye masa lokaci. Don su ne za ki nemi ɗaki mai ƙofa, a rubuce, ko da safiya biyu ce a mako, ki kafa hujja da sirrin majinyaci, domin Bahaushiya da zurfin cikinta ba za ta yi zancen kishiya ko dukan miji ko fyaɗe a inda masu kati ke kai da kawowa ba. Ki kuma rage dogon zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsarin taimaka wa masu damuwa ta hanyar magana a 2016 mai suna PM+, zama biyar ne kacal, an kuma tsara shi yadda wanda ba ƙwararre ba zai iya gudanar da shi bayan horo. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibitocin unguwa suna sauraron masu damuwa, kuma gwaji ya nuna amfanin abin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ki zaɓi nas biyu masu sha'awa da jami'in walwala in akwai, ki koya musu.

Ki sayi littafi mai kauri ki riƙa rubuta duk wanda aka sallama, da ko iyalinsa sun zauna da ke, da ranar da ya dawo in ya dawo. Bayan wata shida za ki ga da idonki ko aikinki yana rage dawowa, kuma hukumar kula da asibitocin jiha ta fi jin lissafin gadaje da kwanaki fiye da koke.

Maganar dangin mijin ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Taɓin hankali ba mura ba ce da ake ɗauka a wurin zama, kuma masu faɗin haka ba a wurinki suke jiran amsa ba. Abin dubawa shi ne me shi mai neman auren yake cewa idan an faɗa a gabansa. In yana kare ki, ki bar shi da danginsa. In kuwa shiru yake yi, ko ya fara cewa a duba wani aikin bayan biki, to ki sa waliyyinki ya tayar da maganar aikinki a fili tun kafin a sa rana, a gaban shaidu.

Yanzu ga tambayarki. Tafiya ba cin amana ba ce. Amanar majinyatan jiha guda tana wuyan gwamnatin da ta ɗauki mutum ɗaya tak ta ajiye a ɗakin katuna, kuma neman albashin da zai riƙe ki ba abin kunya ba ne, musamman da yake ku kuna kan tsarin albashin ma'aikatan lafiya na CONHESS ne, likitoci suna kan nasu tsarin na CONMESS, jihohi da dama ma ba su biyan tsarin cikakke. Sai dai ki san abin da za ki saya da abin da za ki sayar. Aikin ƙungiyar agaji kwantiragi ne da ke rataye da kuɗin masu ba da tallafi, kuma a farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje, ma'aikatan agaji da yawa a Arewa maso Gabas sun wayi gari babu aiki. Naki kuwa na dindindin ne mai fansho. Ki tambayi ƙungiyar ko mutane za ki riƙa gani ko rahoto za ki riƙa rubutawa, da wanda zai duba aikinki, da irin wuraren da za a tura ki da tsaronsu, domin mai fama da rashin barci idan ta koma sauraron waɗanda suka tsira daga yaƙi ba tare da mai tallafa mata ba, ta gudu ne ba ta tsira ba. Ki roƙe su mako shida kafin ki ba da amsa.

Da ni ce ke, ba zan rubuta takardar ajiye aiki ba. Zan tafi hutu tukuna, in na dawo in nemi hutun shekara ɗaya ba albashi, ko a ba da ni aro ga ƙungiyar, domin dokokin aikin gwamnati sun san duka biyun. In an ba ki, ki tafi da zuciya ɗaya, ki koyo abin da za ki koyo, ki tara abin da za ki tara, kujerarki tana jiranki. In an hana, sai ki duba kanki bayan hutun. Idan barci ya dawo kuma kika ji za ki iya kallon majinyaci ba tare da ƙunci ba, ki ba aikin masu jinya wata shida, littafinki ya yanke miki hukunci. Idan kuwa kin huta kin ga likita amma haushin yana nan, to ki tafi, domin wanda ke kwance a gadon nan yana gane fuskar da ta gaji da shi ko da ba a yi magana ba. Sai dai kafin ki fita ki rubuta bayanin kowane majinyacin da ke hannunki, ki gaya musu da bakinki cewa za ki tafi da ranar tafiyar, ki bar taron masu jinya a hannun nas ɗin da kika horar.

Saurayin nan kuma kada ki ɗauki dawowarsa a matsayin shaidar gazawarki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. An hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, amma tiramol da wiwi da sholisho ba su bar unguwa ba, har Exol ɗin da likitocinku ke bayarwa don sassauta sandarewar jiki ana sayar da shi a bayan fage don maye. Wata huɗu kina gina shi a cikin katanga, sannan ya koma majalisar da ya bari, da abokan da ya bari, da zaman banzan da ya bari. Komawa sha bayan dainawa sananne ne a wannan ciwo, kuma lokaci ne mai haɗari, domin jikin da ya yi watanni babu ƙwaya ba ya ɗaukar adadin da ya saba, yawan tiramol kuma yana jawo farfaɗiya, don haka shi da iyayensa duka su ji wannan daga bakinki. Kafin ki tafi hutu ki je gadonsa ki gaishe shi ba tare da faɗa ba, ki aika a kira mahaifinsa ko wanda ke jin maganarsa a gida. Ki tambaye shi ranar da ya fara sha bayan sallama, da ƙarfe nawa ne, da wa yake tare, da abin da ya faru a gidan da safiyar ranar, ki rubuta amsar a shafin farko na littafin.